Wuce Gaba, Isuhu

Rabi, Sani, Hadiza, kun sha tambayata dalilin da ya sa keken nan mai lanƙwasasshen ƙaho yake rataye a zaure shekara da shekaru, ba a hawa, ba a sayarwa, ko jika ya taɓa shi sai na ɗaga murya. Baffanku Ilu ya riga ya ba ku nasa labarin, wai mutane sun je Libiya sun dawo da rediyo da akwatunan tufafi, ni kuwa na dawo da keken da ko buhun gero ba ya iya ɗauka. Bai yi ƙarya ba, amma Ilu tun muna yara bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshen magana ba. Kai kuma Sani, ran Juma'ar nan da na yi maka faɗa a hanyar masallaci, na ga ka koma gida da ɓacin rai, kana ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. Keken da faɗan duk magana ɗaya ce, kuma gara ku ji ta daga bakina tun ina da bakin.

Na shiga Sabha bayan farin da ya cinye shanun babanmu, a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, da tabarma da buta. Lokacin kuɗin man fetur ya buɗe wa mutanen Libiya. Ko'ina ka duba gini ne ke tashi, kuma mutumin da bara yake kan jaki bana yana cikin mota yana danna wa jakin oda. Mu 'yan Nijar a unguwar Jadid muke tsayuwa da sassafe, masu neman ma'aikata su zo su zaɓa. Ni ga ni siriri kamar kara, don haka kullum sai an kwashe ƙarfafa a bar ni. Wata rana har azahar ta kusa ina tsugune, sai wata mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, wani dattijo baƙi, mai tumbi da jar hula, ya leƙo ya dube ni.

"Ina kwana?" in ji shi.

"Lafiya lau, Baba, amma kwana ya yi nisa," na ce.

Ya yi dariya har hular ta zame. Shi ne Haj Barka, ɗan ƙasar, mai gida a unguwar Hajara da gona a Samnu. Hausar da ke bakinsa ta kakarsa ce, wata mata da ake kira Kande, wadda aka ƙetaro Sahara da ita tana yarinya, ba da son ranta ba. Tun da ta rasu bai sami wanda zai yi Hausar da shi a zaune ba, sai ta yi tsatsa, tana fitowa guntu-guntu.

Ya kai ni gonar, tafiyar kusan awa guda a mota. Dabino ne da albasa da ciyawar dabbobi, da injin ban-ruwa, da ɗaki guda na bulo. Daga nan sai ni kaɗai. Ku da kuka tashi a gidan da ba a rufe baki, ba za ku gane wannan ba. Sai in yi kwana shida ban ji muryar ɗan Adam ba. Maƙwabcin gona mafi kusa Larabci kawai yake ji, mu ɗaga wa juna hannu daga nesa, shi ke nan. Na koma ina yi wa injin magana, in ya ƙi tashi in zage shi, in ya tashi in yi masa sannu. Sallar azahar ma, da ake karantawa a ɓoye, wani lokaci nakan ji leɓena na son ya ɗaga sauti don dai in tabbata muryata tana nan. Ran Juma'a kaɗai Haj yake zuwa da burodi da taliya da ganyen shayi, ya zagaya gona, ya tafi. Kewa ta ci ni a wurin nan fiye da yadda yunwar fari ta ci ni a gida.

Da sanyi ya fara shiga, wata safiya da ba Juma'a ba, sai ga motar. A bayanta kekuna biyu ne irin waɗanda ban taɓa gani ba, taya siririya kamar yatsa, sirdi kamar harshen akuya, ƙahon ya lanƙwashe ƙasa irin na rago. Haj ya sauko yana haki.

"Likita ya ce sukari ya cika jinina," ya ce. "Ya ce ko tumbi ya tafi, ko ni ya tafi. Wannan nawa, wannan naka."

Likitan wani Bature ne ɗan Bulgariya, mai hawan keke ne shi kansa, kuma da zai koma ƙasarsu ya bar wa Haj kekunan. A Hajara kuwa, a shekarun nan, dattijo mai gona da mota ya hau keke, ai sai a ce ko ya karye ne ko ya taɓu. Babban ɗansa Miftah ya ce in dai ya hau abin nan a unguwa, shi ba zai iya shiga masallaci ba. Shi ya sa aka kawo kekunan Samnu, inda ba mai gani sai ni da dabino.

Ni kaina ban iya ba. Hawana na keke bai wuce na haya a kasuwar garinmu ba, zagaye biyu a mayar wa mai shi. Ranar farko Haj ya hau da doguwar riga, sarƙa ta cafke bakinta, ya kife cikin albasa. Ni na matse birkin gaba da ƙarfi, na tashi ta saman ƙaho. Muka zauna a ƙasa muna duban juna, sai dariya, irin wadda rabona da ita tun a gida. Daga ranar ya koma zuwa sau uku a mako, bayan asuba, da wando ɗaure da igiya a idon sawu. Makon farko iyakarmu rijiyar maƙwabci, mu dawo cinyoyi na rawa. Na biyu muka kai ƙarshen gonaki. Daga nan muka hau kwaltar da ta nufi Sabha, inda hanya take hawa da sauka kamar bayan kuyya. Likitan ya rubuta masa ƙa'idoji, ya haddace su kamar karatun allo, yana maimaita mini yana haki. A sauya giya tun kafin a shiga tudu, ba a tsakiyarsa ba. A zauna a sirdi a juya ƙafa da sauƙi, kada a miƙe tsaye a yi kokawa da feda. A sha ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba. In numfashi ya hana ka magana, to ka yi sauri da yawa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini daɗi, don ita ta sa dole mu yi ta hira a hanya.

Can gaba akwai wani dogon tudu da muka sa wa suna Tozon Raƙumi. Daga nesa ba ya ba da tsoro, sai ka shiga cikinsa ka ga ba ya ƙarewa, kuma kusa da kai yana ƙara miƙewa. Karon farko ko rubu'insa ba mu ci ba muka sauka muka tura. Haj ya ɗauki dutse ya ajiye a bakin kwalta, daidai inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Duk zuwa sai mu ga ko za mu wuce dutsen, in mun wuce ya ɗauko shi ya kai gaba.

"Sannu ba ta hana zuwa," nakan ce masa.

"Sai dai a daɗe," ya ƙarasa, yana murna ya tuna. "Kande tana faɗi wannan."

Bayan mun dawo sai ya haɗa shayinsu mai kumfa, zubi na ukun da gyaɗa a ciki, ya yi ta tambayata sunayen abubuwa. Me ake ce wa wannan tsuntsu? Yaya ake cewa mutum ya gaji har ƙashi? Tumbinsa ya fara sauka, ni kuma ƙafafuna suka yi ƙwari, har na daina jin tudun farko-farko. Amma gaskiyar magana ba don ƙwarin ƙafa nake jiran ƙarar motarsa ba. Safiya uku a mako ina da wanda zai kira sunana.

Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninmu. Kullum shi ne a gaba, ni a baya. Ba wanda ya tsara haka, haka na tashi. Ina da shekara bakwai babanmu ya taɓa tsinka mini mari a bakin kasuwa don na shiga gabansa, ya ce ɗan halak ba ya nuna wa babba ƙeya. To balle ubangidana, mai furfura, wanda ya je Makka. Wata safiya Haj ya zaro wata takarda daga aljihu, zanen likitan ne, kekuna biyu a jere da kibiya tana nuna iska.

"Duba," ya ce. "Mai ƙarfi gaba. Shi yana sha iska. Mai rauni baya, kusa-kusa, yana ɓuya. Kai yanzu ka fi ni ƙarfi. Kai gaba."

"Haba, Haj, Allah ya kiyaye. Wannan al'adar Turawa ce. Ni in shiga gabanka?"

"Ba al'ada ba ne, iska ne. Iska bai san Bature ba."

Na yi dariya na kawar da maganar. Ya sake tayar da ita bayan mako biyu, na sake zillewa. A raina ina jin na yi abin kirki, har ina yaba wa kaina tarbiyya. Ban tsaya na lura ba cewa a kan tudu ni ina taɓa birki don kada in cim masa, shi kuwa yana gaba yana karɓar iskar duka a ƙirji, kuma ba ya iya sassautawa domin yana jin tayata a bayansa.

Da sanyi ya fara ja baya, dutsen ya kai kashi uku cikin huɗu na Tozo. Sai wata rana jiri ya ɗebe shi bayan mun dawo, ya zube a gindin dabino, sai da na yayyafa masa ruwa na tura masa dabino biyu a baki. Labari ya kai gida. Miftah ya yanke magana, ya ce in aka kuma, kekunan sun tafi, kuma mahaifinsa ba zai sake tuƙo mota shi kaɗai zuwa Samnu ba. Haj ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya gwada Tozo sau guda kafin zafi ya sauka. In ya hau lafiya, a ƙyale shi da kekensa har abada. Miftah ya yarda, amma da sharaɗin zai zo ya gani da idonsa. Na san abin da ke kan wannan hawan. In Haj ya kai, ina da aboki. In bai kai ba, na koma hira da injin ruwa.

Ranar ta zo da iskar kudu, wadda suke kira gibli, mai ɗumi kamar numfashin tanda, kuma hanyar Tozo kudu ta fuskanta. Na ce mu ɗaga zuwa wani makon. Haj ya dubi ɗansa da ke zaune cikin mota da farar riga da tabarau, ya ce ba wani makon. Muka tashi, shi gaba, ni baya, Miftah yana bin mu a hankali da mota. Mun sauya giya a kan lokaci. Mun sha ruwa. Rabin farko ya tafi lafiya, har yana iya jefo mini kalma ɗaya-ɗaya. Da muka wuce dutsen sai hanya ta miƙe, iskar ta taso mana gaba-gaɗi, rigarsa ta kumbura kamar buhu. Na ji hirarsa ta ɗauke, sai numfashi kawai. Kan tudun yana nan a gabanmu, bai fi jifa uku ba.

"Isuhu," ya ce, bai waiwayo ba. "Wuce gaba."

Ƙafafuna cike suke da ƙarfi, wallahi ko rabinsa ban taɓa ba. Na karkata hagu, na taka, tayata ta gaba ta zo daidai kafaɗarsa. Na ga gefen fuskarsa, ta yi toka-toka, bakinsa a buɗe.

"Wuce, ɗan'uwa. Tare mini iska."

Sai na ji ƙarar injin motar a bayana. Na tuna Miftah yana kallo. Ɗan Nijar, ma'aikacin gona, ya sha gaban mahaifinsa a kan hanya, ya bar dattijo yana bin ƙurarsa. Me zai ce? Me za a ce a Hajara? Na ji kamar tafin babanmu a kumatuna. Hannuna da kansa ya matse birki, na koma baya, wurina.

Ya waiwayo sau ɗaya ya dube ni. Babu fushi a idon, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Sannan ya miƙe tsaye a kan feda, abin da likita ya hana, ya yi ta kokawa da keken yana lilo dama da hagu. Ya yi taku goma ko sha biyu a haka. Keken ya tsaya cak, ya sa ƙafa a ƙasa, ya zame ya zauna a kan kwalta dafe da ƙirji. Tsakaninsa da kan Tozo bai kai tsawon zauren nan sau huɗu ba.

Muka ɗauke shi ni da Miftah muka sa a mota. Na tsaya ina jiran zagi, ina ma fatan sa. Miftah ya riƙe hannuna, ya yi magana da Larabcin da lokacin na fara tsinta.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Na gani. Ba ka wuce shi ba, ba ka bar shi ba. Kai ɗan mutunci ne."

Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba. Motar ta juya ta nufi asibiti, aka bar ni a kan tudu da kekuna biyu, na turo su gida ɗaya a kowane hannu.

Haj bai mutu ranar ba, amma bai sake zuwa Samnu ba. Wani direba ne ya koma kawo mini burodi ran Juma'a, ya ajiye a bakin ƙofa ko injin ba ya kashewa. Zafi ya sauka, kwanaki suka koma yadda suke da, har sun fi da muni, don yanzu na san abin da na rasa. Na ci gaba da fita da asuba ni kaɗai, ban san me ya sa ba. Wata safiya na hau Tozo tun daga gindi har kai ba tare da na ji komai ba. Ba abin da ke can sai duwatsu da wani gwangwani mai tsatsa, da kwalta tana gangarawa Sabha. Na zauna na yi kuka kamar yaro. A nan ne na tuna abin da na sani tun ina ƙarami, cewa a garinmu ma in ciyawa ta yi tsawo da damina, ana tsoron maciji, yaro ne ke shiga gaba da sanda, babba ya biyo. Babanmu da ya mare ni a kasuwa, shi da kansa yake tura ni gaba a hanyar gona. Ashe rabin tarbiyyar na riƙe, kuma da na sani ƙeya ce, ba ta zuwa sai an wuce wurin.

Sau ɗaya na sami ganinsa. Na bi direban zuwa Hajara, aka shigar da ni ɗakin baƙi. Yana kishingiɗe, ya rame, jar hular ta yi masa yawa. Na tsuguna daga bakin ƙofa, ya buga katifa da hannu har sai da na matso na zauna kusa da shi.

"Ka hau?" ya tambaya.

"Na hau, Haj."

"Me ke sama?"

"Ba komai. Gwangwani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce ya yafe mini. Ya ɗaga hannu, ya ce ciwon zuciya na Allah ne, da ma yana nan yana jira, ko da keke ko babu. Sai ya shiga neman kalmomin.

"Kande," ya ce, "shekara sittin tana tafiya bayan mutane. Bayan raƙumi, bayan maigida, bayan matan maigida. Ni yaro, ina riƙe hannunta, ina cewa Kaka mu je gaba. Tana cewa a'a, nan ne wurinmu. Ni ba na so mutum a bayana, Isuhu. Ma'aikaci ina da shi, Jadid cike. Ni na nema abokin hanya."

Da zan tafi ya ce keken da nake hawa nawa ne, ya riga ya gaya wa Miftah. Bayan wata huɗu direban ya ajiye burodi, ya leƙo ta taga ya ce an kai Haj Tarabulus magani, can ya cika. Na ƙarasa shekarar, na ga an girbe dabino, na ɗaure keken a saman kamyo na dawo gida. Ilu ya tarye ni a tasha, ya dubi keken, ya dube ni, kuma kun san sauran daga bakinsa.

To, Sani. Idona ya yi hazo, kun sani, kuna dai ɓoye mini cewa kun sani. In muka fita masallaci kana bina a baya da tabarma, mutane suna cewa Malam Isuhu ya iya tarbiyya, ni kuwa ba na ganin rami, ba na ganin kwata, ina taka ƙasa da addu'a, kuma ina sauri fiye da ƙarfina don ina jin takunka a bayana. In kana gabana, farar rigarka nake gani, ita nake bi. Ran Juma'a sau uku na ce ka wuce, sau uku ka ce, "Haba Baba, Allah ya kiyaye." Muryata na ji a bakinka, shi ya sa na yi maka tsawa. Ba ka yi laifi ba, ni na koya maka, kuma rabi na koya maka kamar yadda na riƙe rabi. Jibi Juma'a ce. In na ce ka wuce gaba, kada ka dubi masu kallo, ka wuce.